Jin Kazama: me ya sa hannunsa ya sauya bayan Tekken 3?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Gardama ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a gidan gem ɗin layinmu, shi ne na ce bari in kawo ta gaban manya. Duk wanda ya saba da Jin Kazama na gem ɗin faɗa Tekken 3, in ya ɗauke shi a Tekken 5 ko 6 ko 7 sai ya ji kamar wani ne daban aka sa wa wandon nan nasa mai zanen wuta. Naushi ukun nan na 1,1,2 (hagu, hagu, dama) babu shi, sharar ƙafar ma ta sauya. Wasu sun ce kamfani ne ya ga ya fi ƙarfin kowa ya rage masa, wasu sun ce a cikin labarin abin yake. Wanne ne? Kuma karaten nan nasa akwai shi a duniya ko ƙirƙira ce? Don Allah wanda ya sani ya warware mana.

Baban Gem na Kawo:

Wa alaikumus salam ƙanena. Masu cewa rage masa aka yi ba su haɗu da wanda ya iya shi a Tekken 4 ba, don a wannan fitowar shi ne ma 'yan gasa suka fi kuka da shi. A labari abin yake, kuma sai an faro daga kakansa.

Heihachi Mishima ya jefa ɗansa Kazuya daga saman dutse yana ɗan shekara 5. Kazuya bai mutu ba. A Tekken na farko, na 1994, ya ci gasar faɗan da labarin gem ɗin yake a kai, ya rama, ya wurga uban daga dutse. A Tekken 2 Heihachi ya dawo ya ci, shi kuma ya jefa Kazuya cikin dutse mai aman wuta. A wannan gasar ta biyu ce Kazuya ya haɗu da Jun Kazama, ma'aikaciyar kare namun daji, kuma ita ce uwar Jin. Ta raine shi ita kaɗai a tsibirin Yakushima da ke kudancin Japan, ta koya masa salon kare kai na gidan Kazama. Yana da shekara 15 dodon nan Ogre ya far musu. Jin ya suma, da ya farfaɗo gida ya ƙone, uwa babu ita. Da ma ta yi masa wasiyya in wani abu ya same ta ya nemi kakansa, sai ya tafi.

Shekara 4 ya yi a hannun Heihachi yana koyon karaten gidan Mishima. Ka ga ke nan Jin ɗin da ka sani a Tekken 3, wanda ya fito a injin kasuwa (babban injin gem da ake jefa wa kuɗi a buga) a 1997 ya zo PlayStation a 1998, yaro ne ɗan shekara 19 mai hannu biyu a jiki ɗaya: na uwa da na kaka. Ya kashe Ogre bayan dodon ya rikiɗe ya zama True Ogre. (Paul Phoenix ya riga shi kayar da Ogre na farko, ya kama hanyar gida yana murna, bai san da saura ba. Har yau masu Paul ba su huce ba.)

Abin da ya biyo baya shi ne amsar tambayarka. Jin na tsaye a kan gawar dodon sai sojojin Heihachi, Tekken Force, suka buɗe masa wuta. Yana kwance yana miƙa hannu, Heihachi ya tako ya ƙarasa shi da bindiga a ka. Ashe tun farko tarko ya yi da jikan nasa don ya jawo Ogre. Jinin Devil, wato jinin shaiɗan, da Jin ya gada daga Kazuya ya tashe shi, ya kama tsohon ya fasa bango da shi, ya fitar da baƙaƙen fukafukai ya tashi.

Daga nan ya ɓuya a birnin Birisben na Ostireliya. Ya tsani duk abin da ya haɗa shi da Mishima, har da naushin da suka koya masa. Ya samu wata ƙaramar makarantar karate ya yi shekara 2 yana kankare tsohon hannu yana koyon karate na gargajiya. Kwatanta da ɗan damben da ya yi suna da ɗaure dama, ya wayi gari ya kwance ya koma ɗaure hagu saboda ya ɓata da ubangidansa. Shi ya sa a Tekken 4, na 2001, ya shigo da jaket mai hula ya rufe fuska, yana da shekara 21, kusan duk dukansa sabo.

A ganina akwai kuma dalilin masu haɗa gem ɗin. Babu Kazuya a Tekken 3, Jin ne ya riƙe gurbinsa. Da aka dawo da Kazuya a na 4, ga Heihachi, da an bar Jin yadda yake da mutum uku ne masu hannu kusan ɗaya.

Sarkin Kombo, Unguwar Rimi:

Yaya ya gama da labari, bari in shiga ta ɓangaren yatsa. Ga wanda bai saba da lambobin ba: 1 naushin hagu, 2 naushin dama, 3 ƙafar hagu, 4 ƙafar dama. A hannun PlayStation 1 shi ne murabba'i, 2 alwatika, 3 X, 4 da'ira.

Tsohon Jin bai ɓace ba. Daga Tekken 5 aka raba shi gida biyu, aka ba Devil Jin, wato Jin mai fukafukai, hannun Mishima. Can za ka samu 1,1,2 ɗinka, da sharar ƙafa mai juyi ta gaba, saki, ƙasa, ƙasa-gaba da 4, da Laser Cannon na baya, gaba da 2,1,2. To in hannun Tekken 3 kake nema, Devil Jin za ka ɗauka. A Tekken 5 na PS2 a kulle yake, sai ka gama sashen Devil Within ko ka buga faɗa 200. Jin na ainihi ya riƙe gaba, gaba da 2, wato Demon's Paw, ya samu 2,1,4 da 2,4 da shurin gaba da 4, sannan ga turewar hari da baya da 1+3 ko baya da 2+4, wadda ba ta cin jinin kowa, dama kawai take buɗe maka.

Abin da su biyun suka haɗu a kai shi ne ilektirik, sai dai na Mishima naushi ne daga ƙasa zuwa sama, Electric Wind God Fist, na Jin kuma ƙugiya ce daga gefe, Electric Wind Hook Fist. Dannawa ɗaya ce: gaba, ka saki, ƙasa, ƙasa-gaba da 2. Sirrin yana a matakin ƙarshe. Gem ɗin yana tafiya da hoto 60 a daƙiƙa, kowane hoto ana ce masa firem, kuma dole ƙasa-gaba da 2 su shiga a firem ɗaya tak. In 2 ya makara ko da firem ɗaya, na gama-gari ne zai fito, ba walƙiya. Bambancin ba ado ba ne. A Tekken 7, na Mishima mai walƙiya in an tare shi kai ne da ribar firem 5, wato kai za ka riga motsi. Marar walƙiya in an tare kai ne da bashin firem 10, kuma naushin 1 firem 10 yake fita, ka ga ka ba da kyauta ke nan. Dukansu kuwa na sama ne, wanda ya duƙa ya wuce ta kansa ya tashi ya cilla ka sama.

Abin da ke hana shi fita: in 2 ya riga ƙasa-gaba, sai ka ga naushin ƙasa. In yatsa ya tsallake ƙasa, sai wani dukan daban ya fito. In ba ka saki gaba tsaf ba kafin ƙasa, gem ɗin ba ya karanta shi a matsayin sulalewar Mishima (duƙawar da ake yi ana matsawa gaba kafin naushin) gaba ɗaya. Yi da madannan kibiya, sandar nan mai juyi ba ta da daidaito. Babban yatsa ya taɓa gaba ya ɗaga, ya sauka kan ƙasa ya mirgina, hannun dama kuma ya danna 2 lokacin da yatsan ya fara mirginawa, ba bayan ya isa ba. A wurin gwaji na Tekken 7 da 8 kunna nunin abin da kake dannawa. In kibiyar ƙasa-gaba da lambar 2 sun fito a layi ɗaya ka dace, in layi biyu ne da saura. Ka yi 20 a ɓangaren hagu, 20 a ɓangaren dama, don in aka musanya muku gefe yatsan da bai saba ba sai ya riƙe.

Wani lokacin kuma laifin ba naka ba ne. Hannun gem na gidajen haya robar da ke ƙarƙashin kibiyoyin ce ke fara mutuwa, musamman tsakanin ƙasa da dama, sai ƙasa-gaba ya riƙa shiga yana fita. A buɗe a goge ƙurar da auduga da ɗan sifirit, in robar ta tsage a sauya ta, masu gyaran gem suna da ita. Talabijin na bango kuma a sa shi a yanayin gem, in ba haka ba hoton yana makara a bayan yatsanka.

Malamin Kata, Barnawa:

Sauran tambayar karate. Na gidan Mishima ƙirƙira ce, babu makarantar da ke koyar da naushi mai wuta. Wanda Jin ya koma kuwa daga Kyokushin aka ɗauko shi, salon da Masutatsu Oyama ya kafa, hedkwatarsa ta buɗe a Tokiyo a 1964. Za ka gane shi da tsayuwa a miƙe hannuwa a sama, shuri a cinya, naushi a haƙarƙari, da shurin gatari da ake ɗaga ƙafa a sauke diddige. A gasarsu duka ake yi na gaske, hannu tsirara, amma an hana naushi a fuska, ƙafa ce kaɗai aka yarda ta kai ka. Ka ga a nan Jin ya saɓa, don rabin naushinsa a fuska yake sauka.

Kada a haɗa shi da Shotokan na Gichin Funakoshi, wanda ya kai karate Tokiyo daga Okinawa a 1922. Shi wannan tsayuwarsa ƙasa-ƙasa ce mai faɗi, a shiga da sauri a fita. A Tekken wadda ta fi kama da haka ita ce Lidia Sobieska, firaministar Foland a labarin, da aka ƙaro a Tekken 7 a 2021. Sa ta kusa da Jin ka dubi ƙafafunsu kawai, ba sai an yi maka bayani ba.

Ƙari ɗaya ga bayanin Yaya na Kawo, da girmamawa. Jinin Devil ba na Mishima ba ne a asali. Tekken 7 ya nuna daga Kazumi yake, matar Heihachi, 'yar gidan Hachijo. Shi Heihachi ba shi da shi, shi ya sa a Tekken 4 yake farautar ɗansa da jikansa.

Baban Gem na Kawo:

Ƙarinka ya yi Malam, na karɓa. Bari in ƙarasa a gurguje. A Tekken 4 an kama Jin an ɗaure shi da sarƙa a haikalin Hon-Maru. Ya tsinke, ya doke Kazuya, ya doke Heihachi, ya ɗaga hannu zai kashe tsohon sai ya ga surar uwarsa ya fasa. Ya tashi ta rufin, baƙaƙen gashin fukafukai suna zubowa, ɗaya fari a cikinsu. A Tekken 5 ya kayar da Jinpachi, uban Heihachi, kamfanin Mishima Zaibatsu ya koma hannunsa.

Tekken 6 ne inda ni dai ban yafe wa marubutan ba. Jin ya kunna yaƙi a duniya baki ɗaya don ya tayar da Azazel, tushen jinin Devil, ya kashe shi ko da zai mutu tare da shi. Niyya ko ta yi kyau, mutanen da suka mutu sun mutu, kuma yaron da ya bar naushin kakansa don ƙyama sai ga shi ya yi abin da ya fi na kakan muni. A Tekken 7 yawanci a kwance yake, faɗan na Kazuya da Heihachi ne. Tekken 8, da ya fito ranar 26 ga Janairun 2024, shi ne ya dawo da zancen hannu: a faɗan ƙarshe da ubansa, bayan Devil ya fita daga jikinsu su biyun, Jin yana sauya salo tsakanin na Mishima da na Kazama da karatensa. Tekken Tag na 1 da na 2 kada ka sa su a lissafi, ba sa cikin labarin, shi ya sa matattu ke yawo a ciki.

Ɗan Tudun Wada:

Allah ya saka da alheri manya. To mu da ba mu da PS5, ta ina za mu gwada tsohon da sabon mu gani da idonmu?

Sarkin Kombo, Unguwar Rimi:

Nemi faifan Tekken 5 na PS2. A cikinsa akwai Tekken 1 da 2 da 3 na injin kasuwa, ka ga a faifai ɗaya za ka buga Jin na 1997, ka fita ka ɗauki sabon. Sai dai na injin kasuwar ba shi da bidiyon ƙarshe, harbin da Yaya ya ba da labari sai a na PlayStation na farko. Shi ma a kula: faifan Turai na Tekken 3 a hoto 50 yake tafiya a daƙiƙa, na Amurka da Japan 60, don haka na Turai ya fi nauyi, lokacin dannawa ya ɗan bambanta. A Tekken 4 kuma ba za ka ga Jin a jerin farko ba, sai ka buga sashen labari ka buɗe shi.

A waya, PPSSPP, manhajar buga gem ɗin PSP, yana buga Tekken Dark Resurrection da Tekken 6 na PSP, da Jin da Devil Jin duk suna ciki. Kunna nunin gudu a saitin, in bai tsaya a 60 ba rage girman hoton zuwa ninki 1 ko 2, kuma kada ka kunna tsallake firem. Ilektirik a kan gilashin waya wahalar banza ce, haɗa hannun gem, kuma na igiya ya fi na Bluetooth saurin amsawa.