Zan aika alluna Ingila, me kwastan za su nema?

Masassaƙi, Ringim:
Assalamu alaikum jama'a. Ɗan yayana da ke koyar da yara karatun Alƙur'ani a Ingila ya ce in sassaƙa masa alluna 12 na icen aduwa, da akushi ɗaya na tsaraba. Na gama, sai wani ya ce min Turawa ƙone ice suke yi in ya shiga ƙasarsu. Ni ko Kano ban cika zuwa ba. Ta ina zan fara?

Ɗan Gwarzo:
Wa'alaikumussalam Baba. Ƙwaro suke tsoro, ba allon ba. A kankare ɓawo tas, icen ya bushe sosai, kada a ga ramin gara ko ɗaya. Ni muciya na taɓa aikawa da ɗan ɓawo a gindi, har yau shiru. A gidan waya za a ba ka takardar kwastan, CN22 ko CN23. Rubuta sunan icen da kuɗinsa na gaskiya, ko da kyauta ce.

Malamin gona, Dutse:
Malam, akushin na wane ice ne? In madobiya ce, dakata tukuna, tana cikin jerin CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya da ke ƙayyade cinikin itatuwa da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. Takardar lafiyar tsirrai kuwa hukumar NAQS mai duba lafiyar kayan gona a Najeriya ke bayarwa, ɗanka ya fara tambayo can Ingila ko ana buƙatarta.

Masassaƙi, Ringim:
Madobiya ce kuwa. To akushin ya zauna gida. Allah ya saka da alheri.