Mu biyu muke aikin mutum biyar a kanti, ina mafita?

Mai_Kanta:
Jama'a, shawara nake nema. Abokan aikinmu sun ajiye aiki, manaja bai ɗauki kowa ba. Ina kan na'urar karɓar kuɗi layi ya miƙe, direban da ya kawo kaya yana ta danna hon, ga wata baiwar Allah riƙe da takalmi ƙafa ɗaya tana jira in dubo mata lambarta a sito. Ko fitsari sai dai in matse. Abin da ya fi ci min rai, in an yi lissafi da dare kuɗi bai cika ba, daga albashina ake cirewa.

Yar_Sito:
Sannu ɗan'uwa. Muddin kuna ƙarasa aikin, shi manaja a ganinsa mutum biyu sun isa. Ka riƙa rubuta lokacin da layi ya fi tsawo da masu ajiye kaya su fice. Asarar ciniki ita ce yaren da yake ji. Kuma kantin da ba ido a kansa, ɓarayi sun fi kowa saninsa.

Tsohon_Kashiya:
Malam, duba takardar ɗaukarka aiki. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya (ILO) ta 1930 kan ma'aikatan kasuwanci da ofisoshi ta ƙayyade awa 48 a mako, amma dokar ƙasarku ce za ta yi aiki. Kada ka bari wani ya taɓa aljihun na'urarka, ko manaja ne, sai kun ƙirga tare.

Mai_Kanta:
Na gode. Shi ma yana buɗewa ya ba da canji in na shiga sito. Gobe zan yi masa magana.