Lissafi a Zariya ko kimiyyar kwamfuta a Dutse? Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni

Ɗan Funtua

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na zana jarrabawar JAMB na samu maki 231, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na sa a zaɓin farko, ina neman kimiyyar kwamfuta. Bayan an gama tantancewa sai na buɗe shafina na CAPS, wato tsarin JAMB na ba da gurbin karatu, na tarar an miƙa sunana sashen lissafi, ana jiran amincewata. A makon nan kuma aka shaida mini cewa Jami'ar Tarayya ta Dutse za ta iya ba ni ainihin kwas ɗin da nake so idan na mayar da zaɓina can. Abin da ya hana ni barci shi ne wurin kwana. Mahaifina manomi ne, ya sayar da masara ya ware mini naira dubu ɗari huɗu, ya ce ita ce rajista, ita ce ɗaki, ita ce abincin zangon farko, kuma babu ƙari sai wata kakar. A Zariya ina da kawu a Tudun Wada, sai dai gidansa cike yake da yara, kuma da tazara tsakaninsa da Samaru, inda jami'ar take. A Dutse kuwa ban san kowa ba, ban ma taɓa taka garin ba. Ina roƙon wanda ya yi karatu ko yake yi a ɗayan wuraren nan biyu ya faɗa mini yadda ake samun gado a ɗakin kwanan ɗalibai, da abin da ake biya idan mutum ya kama haya a waje.

Baba Mai Ritaya

Wa alaikumus salam, ɗana. Karɓi Zariya ka yi wa Allah godiya. Jami'ar da aka kafa tun 1962 ba za a ɗora ta a sikeli ɗaya da wadda aka buɗe a 2011 ba, ko ta fuskar malamai, ko ta ɗakin karatu, ko ta yawan tsofaffin ɗaliban da za ka tarar a duk ma'aikatar da ka shiga neman aiki. Kada kuma ka raina lissafi, domin shi ne uwar kwamfutar da kake so. Cibiyar kwamfuta ta jami'ar ma sunan Farfesa Iya Abubakar take ɗauke da shi, wanda masanin lissafi ne kuma ya shugabanci jami'ar. Mu a zamaninmu mun kwana a ɗakunan kwanan ɗalibai na Suleiman da Danfodio, muka yi karatu a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim har dare ya raba, ba wanda ya san wani abu wai shi kama haya.

Malamin Sakandare

Ni abin da ban gane ba shi ne me ya hana ka neman Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, alhali kai ɗan jihar Katsina ne. Abu ɗaya dai nake jaddada wa ɗalibaina kowace shekara: duk gurbin da bai bi ta CAPS ba, kada ka kai kuɗinka. Wanda ya ce maka Dutse za ta ba ka, ka tambaye shi a ina ya gani, domin maganar baka ba takardar shiga jami'a ba ce, kuma sai sunanka yana cikin rajistar JAMB za a tura ka hidimar ƙasa bayan ka gama. Kada ka saki na hannu ka kama na guje.

Bahaɗeje

Bakatsine ne zai zo Jigawa karatu? To bismillah, ka taho gidan iyayen gidanka, za mu ba ka tabarma a zaure kyauta, da sharaɗin kana share ƙofar gida kowace safiya. Bayan wasa, ƙanena yana aji biyu a Dutse, su uku suka haɗa kuɗi suka kama ɗaki a naira dubu casa'in a shekara, kuma abinci ya fi na manyan birane sauƙi. Garin ba shi da hayaniya, ga zaman lafiya.

Mai Haƙuri

Ƙanena, ka bar maganar sunan jami'a tukuna, ka saurari abin da ya same ni, domin irin tambayarka na yi shekaru huɗu da suka wuce, na kuma bi shawarar masu cewa idan ka je za ka samu wuri. Ba zan ambaci jami'ar ba, tunda ba ita ta cuce ni ba. Ranar da aka buɗe shafin neman gado ina ƙauye, intanet ɗin tana kawowa tana ɗaukewa, kafin in kai gari in shiga shagon masu kwamfuta an ce gadaje sun ƙare. Na sauka a garin da akwatina da buhun garin kwaki, na kwana goma sha ɗaya a masallacin makaranta, kayana suna shagon wani mai shayi da ya tausaya mini.

A rana ta goma sha biyu wani ya haɗa ni da dillali, mutum mai fara'a da carbi a hannu, ya kai ni wani gida ya nuna mini ɗaki ta taga, ya ce mabuɗin yana hannun ɗalibin da zai tashi ƙarshen wata. Ya karɓi kuɗin ganin ɗaki, ya karɓi hayar shekara guda naira dubu ɗari da goma, ya ɗora la'adarsa, ya rubuta mini rasit a takardar da ya yago daga littafi. Ƙarshen wata na zo da katifata a kan babur na tarar da wani ɗalibi yana shimfiɗa leda a ɗakin, da rasit irin nawa sak a aljihunsa. Da muka nemi mai gidan sai ya ce bai san dillalin ba, kuma ɗakin ma ɗan'uwansa zai sa a ciki. Mu huɗu aka karɓi kuɗinmu a kan ɗaki ɗaya.

Ban iya faɗa wa mahaifiyata ba, domin akuyoyinta biyu ta sayar ta ba ni kuɗin. Na ƙarasa zangon ina raɓe a ɗakin wasu 'yan garinmu, mu bakwai a ɗakin mutum huɗu, ina kwana a ƙasa tsakanin gadaje, idan an zo duba ɗakuna in fice ta baya kamar ɓarawo. Na faɗi darussa biyu a wannan zangon, kuma har na gama makin bai koma daidai ba. Saboda haka duk inda ka zaɓa, kada ka miƙa ko sisi sai ka ga mai gidan ido da ido, mai unguwa ko limamin layin ya shaida, mabuɗi kuma ya shiga hannunka a wurin.

Uwar Ɗalibai Uku

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya saka maka, ɗana, ya mayar maka da alheri. Wallahi ina karantawa ina tuna babban ɗana, shi ma gado ya saya a hannun wani ɗalibi, ya biya ninki uku na kuɗin da makaranta ta sa, daga baya aka gano sunan da ke kan gadon ba nasa ba ne, aka fitar da shi ana saura mako biyu jarrabawa. Sayen gado ya saɓa dokar makaranta, wanda ya saya shi ke kwana a ciki idan asiri ya tonu. Game da kuɗin da Bahaɗeje ya faɗa kuwa, ban ƙaryata shi ba, amma 'yar ƙawata a Dutsen nan dubu ɗari da tamanin suka biya, kuma ruwa ma sai sun saya wurin 'yan ga-ruwa.

Bahaɗeje

Hajiya, ai ɗaki suna ya tara. Ita ɗaki mai banɗaki a ciki ta kama kusa da makaranta, su kuwa nasu gidan haɗaka ne, banɗaki ɗaya, rijiya a tsakar gida. Yaron da aka ba dubu ɗari huɗu ba mai neman tayil da fanka ba ne.

Ɗalibar Aji Uku a Samaru

Da girmamawa ga Baba Mai Ritaya, abin da ya bayyana ya wuce. Yawan ɗaliban yanzu ya ninka na zamaninsu, kuma neman gado ta intanet ake yi, wanda ya riga shi ya samu. Shawarata ga mai tambaya ita ce ya biya kuɗin rajista da zarar an buɗe, ya zauna kusa da inda intanet take da ƙarfi, domin ni a aji ɗaya haka na samu gado a ɗakin kwanan ɗalibai mata na Amina, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar haya ba. Da na koma waje bara, ni da ƙawata muka biya dubu ɗari biyu da hamsin a cikin Samaru, amma abokan karatunmu maza da ke Hayin Dogo sun ce ɗari da ashirin suke biya. Zama a Tudun Wada kuwa, ka lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa kwana biyar ko shida a mako, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 abin ya zama wani hayar daban, ga lacca ta ƙarfe takwas ba ta jiran kowa.

Baba Mai Ritaya

'Yata, na ji, zamani ya canza. Amma ke shekara uku kika yi a jami'a, ni kuwa shekara talatin da biyar na yi a aikin gwamnati, na zauna a kwamitin ɗaukar ma'aikata ba sau ɗaya ba. Ke kin san kuɗin ɗaki, ni na san abin da takarda take yi wa mutum bayan an manta da ɗakin. Wahalar kwana ta shekara huɗu ce, takarda kuwa har tsufa.

Mai Haƙuri

Baba, Allah ya ƙara girma, amma takardar da kake magana a kai, wurin kwana ne ya rage mini darajarta. Wanda bai yi barci ba ba ya fahimtar lissafi.

Injiniya a Kaduna

Duk an bar ainihin abin da ya kamata a tambayi yaron nan: shin yana son lissafi? Na ga waɗanda suka karɓi kwas da niyyar za su sauya a aji biyu, sauyin bai yiwu ba saboda sai maki ya kai kuma sai da gurbi a sashen da ake so, suka ƙare shekara huɗu suna karatun abin da ransu ba ya so. Na kuma ga masu digirin lissafi da suka koyi rubuta manhaja da kansu suka fi masu digirin kwamfuta samun aiki. Sannan ka nemi bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024: babu kuɗin ruwa, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ana ba ɗalibi dubu ashirin a wata, biya kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Sai dai kada ka sa shi a lissafin zangon farko, domin sai makaranta ta shigar da bayananka kafin ka iya nema.

Bakano na Ƙofar Mata

Ni dai ina jan kunnenka, idan ka je Zazzau ka riƙa cewa e ga duk abin da aka faɗa, domin Bazazzage ko kuɗin mota zai tambaye ka sai ya kawo maka nahawu.

Uwar Ɗalibai Uku

Ana maganar makomar yaro kuna wasa. Tunda an taɓo haya, bari in faɗi abin da har yau yake ci mini rai. A 2022 na biya wa 'yata hayar shekara a watan Janairu, ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas ɗakin yana kulle, ba ta kunna ko ƙwan lantarki ba, amma da Janairu ta zagayo mai gidan ya ce ko a sabunta ko a kwashe kaya, har da ƙarin dubu ashirin. Na roƙe shi ya yafe ko wata uku ne, ya ce shi bai shiga yajin aiki ba.

Mai Gidan Haya

Hajiya, ki yi mini afuwa, amma a riƙa jin ta bakinmu mu ma. Ina da ɗakuna takwas da na gina da kuɗin sallamata daga aiki, da su nake ciyar da iyali. A wata takwas ɗin nan kayan ɗalibai suna ciki, ban isa in sa wani ba, na biya mai gadi, damina ta ɗaye rufin ɗaki biyu na gyara. Duk da haka na yafe wa kowane ɗalibi wata biyu. Abin da ba a faɗa shi ne, a ba mutum biyu ɗaki ka dawo ka tarar da shida, masai ya cika, famfo ya karye, a tashi a bar maka bashin wuta.

Mai Haƙuri

Alhaji, da duk masu gidaje irinka ne da ba mu yi kuka ba. Amma me ya sa kuke barin dillalai a tsakani, alhali kuna iya manna lambarku a ƙofar gida? Kuma me ya sa ɗakin da magidanci yake kamawa a dubu sittin, da an ji ɗalibi ne sai ya koma ɗari?

Mai Gidan Haya

Magidanci yana shekara goma a ɗaki, yana gyara abin da ya lalace da kansa. Ɗalibi kuwa kowace shekara sai na yi fenti na sauya kwaɗo. Dillalai kuma ba mu muka kawo su ba, ɗaliban ne suke zuwa wurinsu tun daga tasha.

Ɗan Funtua

Na gode ƙwarai iyayena, Allah ya saka da alheri, kuma Yaya Mai Haƙuri Allah ya mayar maka da abin da ka rasa. Amsar Injiniya ita ce lissafi ba ya ba ni wahala, na samu sakamako mai kyau a WAEC, amma kwamfuta nake so tun ina aji uku na ƙaramar sakandare. Na karanta wa Baba duk abin da kuka rubuta, ya ce shi hankalinsa ya fi kwanciya da Zariya saboda kusa ce, ko rashin lafiya ce ta taso mota ɗaya zai hau. Har yanzu ban danna komai ba. Yaya Bahaɗeje, don Allah ka tambayi ƙanenka ko 'yan aji ɗaya suna samun gado a cikin makaranta a Dutse, ko kuwa shi ma rasawa ya yi ya fita waje.

Uwar Ɗalibai Uku

Alhaji Mai Gidan Haya, wata biyu cikin takwas ka yafe, sauran shidan fa? Iyayen yaran nan su ma ba su shiga yajin aiki ba.