Asibitinmu zai bar folda ya koma kwamfuta, akwai wanda ya ga ya yi aiki?

Ɗan Ɗakin Kati:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu shiga harkar nan. Ni a ɗakin kati nake, mu ne masu ciro folda mu kai wa likita mu dawo da ita, shekarata tara kenan a kai. Satin da ya wuce aka tara mu aka ce an ba wani kamfani kwangila za a zuba duk bayanan marasa lafiya a kwamfuta, wai nan da wata uku an daina takarda kwata-kwata, kati da famasi da lab da wod duk a rana ɗaya. Ni wlh ba ƙi nake ba, don na fi kowa sanin azabar folda, akwai ranar da muka kwashe awa biyu muna neman ta wata baiwar Allah mai ciwon suga, ƙarshe sabuwa aka buɗe mata, sai bayan wata guda aka tsinci tsohuwar a durowar wani likita. Amma wuta ba ta zama, netwok sai a hankali, rabin mu kuma da yatsa ɗaya muke danna kibod. Sannan tsofaffin foldoji dubbai ya za a yi da su?

Injiniya_Sola:
Wa alaikumussalam Malam. Yana aiki, amma maganar rana ɗayan nan ita ce ban yarda da ita ba. Ingila da duk kuɗinta ta gwada babban shirin sa bayanan marasa lafiya a kwamfuta daga sama a 2002, a 2011 aka rushe shi bayan ya lashe wajen fam biliyan 10. Waɗanda suka ci nasara da ƙaramin ƙarfi a hankali suka bi. Manhajar OpenMRS, ta adana bayanan marasa lafiya, a 2004 aka fara ta, kyauta ce, a Eldoret ta Kenya aka soma aiki da ita kuma da asibitin masu HIV kaɗai aka fara kafin ta bazu ƙasashe da yawa. A Indiya aka ɗora wata manhaja mai suna Bahmni a kanta aka haɗa lab da famasi da biyan kuɗi, ita ma daga wani asibitin karkara ta taso.

Abu na farko shi ne lamba. Mutum ɗaya lamba ɗaya har ya bar duniya. In ba haka ba za ka ga mutum guda ya zama uku a kwamfuta saboda yau an rubuta sunansa da wani harafi gobe da wani, shekarun haihuwa kuma kintace ne, to ka ga an koma gidan jiya sai dai wannan karon da tsada. A Malawi dabara suka yi, allon taɓawa suka sa maimakon kibod, sannan firinta ta fitar da 'yar takarda mai layi-layin nan a manna a littafin mara lafiya, in ya dawo a haska kawai bayanansa su fito.

Batun netwok kuma, ku matsa a ajiye sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan, a cikin asibitin, a ja waya zuwa ofisoshi, ta yadda ko babu intanet aiki na tafiya. Sabar da na'urar rarraba netwok a ba su batir da sola nasu daban, kar a jingina su da janareto. Tsofaffin folda kar ku ce za ku shigar da su duka, ba za ku gama ba. Wanda ya zo a ciro tasa a ɗauki muhimman abubuwa, ciwon da yake da shi, maganin da yake sha, wanda jikinsa ba ya so, shikenan.

Sista Mai Dare:
Hmm Injiniya ka yi bayani amma ka tsallake mu. Mu an kawo mana shekara biyu da suka wuce, kuma har yau aiki biyu muke, mu rubuta a takarda mu zo mu sake shigarwa a kwamfuta, saboda an ce kar a bar rajista tukuna kuma ba wanda ya sa ranar barin. Kwamfuta ɗaya ce a wod, nas huɗu, ga mara lafiya yana kiran ki ga layi a kan kibod, to me ake yi, sai a tara sai ƙarshen duti mutum ɗaya ta zauna ta zuba na kowa da kalmar sirrin wata, kuma da gajiya. Ranar da aka samu kuskuren allura sunan wadda ba ta ma zo aiki ba aka gani. Horon da aka ba mu kwana biyu ne, masu kamfanin suka tafi, in abu ya tsaya sai dai ki kira lamba tana ta ringin. Ɗan'uwa ka tambaye su wa zai zauna da ku bayan an ƙaddamar, musamman da dare da ranar hutu.

Dokta_Tiyata:
Sista gaskiyarki. Ni ina so kuma ina jin haushinsa lokaci guda. Daɗinsa sakamakon lab yana iso ni kafin mara lafiya ya dawo, ba sauran a ce mai famasi ya kasa karanta rubutuna (na san halina), kuma in na rubuta maganin da ba ya jituwa da wani yana yi min gargaɗi. Amma lokaci fa yana ci. Ko a Amurka, inda a 2008 asibitocin da ke da tsarin ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba, sai da gwamnati ta yi doka a 2009 ta zuba biliyoyin daloli kafin ya haura kashi 90, wani bincike na 2016 ya nuna duk awa ɗaya da likita ya yi da mara lafiya yana yin kusan biyu a kan kwamfuta da aikin tebur. To ina ga wanda zai duba mutum sittin kafin azahar? In fom ɗin ya yi tsawo likitoci za su riƙa cike shi da komai lafiya don su wuce. A zauna da masu duba marasa lafiya a rage shi kafin a fara.

Kuma abin da na lura, shugabanni sun fi zumuɗin ɓangaren kuɗi, don yana toshe ɓarakar rasit. Ba laifi ba ne, amma in nan aka tsaya to injin karɓar kuɗi aka saya.

Injiniya_Sola:
Dokta ka tuna min. Malam ka ce su karanta kwangilar da kyau: bayanan na asibiti ne ko na kamfani? In kun rabu za su ba ku a sigar da wata manhaja za ta iya karantawa? A tambaye su ko tasu tana aiki da ƙa'idar FHIR, ita ce ke sa manhajoji su fahimci juna. Sai kwafin ajiya kullum, ɗaya a wajen ginin wanda ba ya jone da netwok, kuma a riƙa gwada dawo da shi. A Nuwamban 2022 masu kutse sun kulle sabar babban asibitin AIIMS na Delhi, wajen sati biyu da hannu ake komai. Don haka fom na takarda na ko-ta-kwana ya zauna a kowane ofis.

Ɗan Ɗakin Kati:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na kwafe duka zan kai wa oganmu, ko za su yarda a fara da kati da famasi. Amma tambayar da na ji kunyar yi tun farko, mu 'yan ɗakin kati shikenan aikinmu ya ƙare?

Sista Mai Dare:
Ina fa. Namu har ƙarin mutum biyu aka yi musu, su ke rajista, su ke haɗe masu lamba biyu, su ke fitar da rahoton wata. Wanda ya fi saurin taifin a cikinsu yanzu kowa shi yake nema har likitoci. Kai dai ka samu kibod ko tsoho ne ka fara koyon yatsu goma tun yau, wata uku ya ishe ka.