Abin da na tsinta a hirar man seji

To jama'a ga abin da na tattaro daga maganar da aka yi kan man seji, wannan da ake tatsowa ta hanyar tururi daga ganyen wani tsiro mai ƙamshi da ake kira sage a Turance. Abu na farko da kusan kowa ya nanata shi ne seji ba iri ɗaya ba ne, ka juya kwalbar ka karanta sunan da ke jiki. In ka ga Salvia officinalis to yana da sinadarin tujon da yawa, shi ne ke taɓa ƙwaƙwalwa har ya iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya in ya yi yawa a jiki, shi kuwa Salvia sclarea ya fi sauƙi sosai, shi mutane ke saka wa a na'urar ƙamshi don samun natsuwa.

Sha dai babu, ko ɗigo ɗaya, kar wani ya ce ai ganye ne, ɗan mitsitsin kwalbar nan ganye mai yawa aka tatse a ciki. Shafawa kuma sai an sirka, ɗigo 1 a babban cokali na man kwakwa ko zaitun, a ɗan goga a cikin hannu a jira awa 24, in ya yi ja ko ƙaiƙayi a haƙura.

Masu ciki, masu shayarwa, masu farfaɗiya da ƙananan yara su bar shi gaba ɗaya. Wasu sun yaba shi wajen rage gumi da wari, ni dai ban ɗauke shi magani ba gaskiya. A rufe kwalbar da kyau, a ajiye inda rana da hannun yara ba sa kaiwa.