Musayar waƙa: gurasar babbar kasuwa

Ɗan Bagalam: Salamu alaikum 'yan uwa. Yau na bi ta babbar kasuwar Maraɗi, ga abin da ya fito. Mai iyawa shi amsa, amma a riƙe mini "sa" a ƙarshen baiti.

Da hantsi na ratsa kasuwa,
Ana ta ciniki da hargowa,
Sai ƙamshi ya hana ni wucewa,
Na tsaya a bakin mai gurasa.

Gefe da ƙauri, ciki da laushi,
Zaƙin sukari ya bi ƙamshi,
Dala ashirin, ban ci bashi,
Yau na yi sallama da masa.

Bakano Mai Atamfa:
Ɗan Bagalam, abin da ka ci fanke ne,
Sukari a gurasa ai ganganci ne,
Gidanta Jakara, can Kano ne,
Ƙuli da mai da yaji da albasa.

Sunanta bandashe, ka riƙe.

Ɗiyar Mokoyo:
Bakano, ƙulin da kake wa taƙama,
Gyaɗa ce, mu ko mun gaji noma,
Ka ci namu, ka sha, ka zo kana gardama,
In ta Kano kake so, ga hanyar Ɗan Isa.

Na Madarunfa: Kai! Allah shi ƙara basira, ɗiyarmu. Ta nuna mishi hanya har da tasha. Maraɗi ba a taɓa ki a kwana lafiya.

Malam Na Limanci: Ku dakata da tafi. Ɗan Bagalam ya buɗe da ɗango, wato layin baiti, mai gaɓa 9, Bakano ya shigo da mai 12, kamar an ɗora wa jaki kayan raƙumi. Sannan "ne, ne, ne" har sau uku ba amsa-amo ba ne, neman mafaka ne.

Bakano Mai Atamfa: Malam, da girmanka. Ɗangon Ɗiyar Mokoyo na uku gaɓa 13 ne, na ƙirga da yatsa. Me ya hana ka gani? Ko don 'yar gida ce?

Mushe Tibiri: Ku duka kun bar hanya. Ba da ƙirga kawai ake gane kari ba. Aruli, wato ilimin awon waƙa, nauyin gaɓa yake dubawa, wace ce doguwa, wace ce gajera. Kuma waƙar Hausa sai an rera ta ake yanke mata hukunci.

Malam Na Limanci:
A zauren Limanci na koyi awo,
Kai ko a lakwal kake ta yawo,
Baiti in ya gurgunce yana ciwo,
Ko an rera shi sai ya faɗi ƙasa.

Mushe Tibiri:
Malam, mai auna hatsi da tiya,
Ina ya san daɗin tuwo da miya?
Waƙa a kunne take da murya,
Rera naka mu ji ko ka kasa.

Na Madarunfa: Wannan ta Mushe ta fi zama a baki, gaskiya. Malam ka yi haƙuri.

Malam Na Limanci: Kai da ba ka kawo ko ɗango guda ba, mi ya kai ka alƙalanci?

Ɗan Bagalam: Jama'a, gurasata ta huce kuna ta awo.

Bakano Mai Atamfa:
Ku yi ta awo, jirgin ƙasa na tafe,
Daga Kano zuwa Maraɗi bisa ƙarfe,
Zan sa a ɗauko ta Jakara da safe,
Ku ci ku san Kano ta yi muku nisa.

Autar Mai Tanderu: Sai yau na gani, kwana biyu ba ni da kati a waya. Kawu Bakano, ka ce sukari ganganci ne, abin ya tsaya mini a rai. Innata wannan sana'a take yi tun rasuwar babanmu. Bayan isha'i take kwaɓa fulawa da yis, ta rufe da zane ya kwana yana tashi. Sukarin nan ba don ado take sa shi ba. Yaron da za shi lakwal, ko mai turin kura, ba shi da kuɗɗin ƙuli da mai da albasa. Mai zaƙi ita ce zai ci gayanta, ya kora da ruwa, ta riƙe shi har azahar. Da fulawa ta yi tsada a 2022 lokacin yaƙin Rasha da Yukren, aka kuma rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2023, wasu sun daina sa sukari. Ita ta ƙi, ta gwammace ribarta ta ragu.

Kan ladan ya yi kira ta tashi,
Ta tsoma hannu a ruwa ta miƙa shi,
Cikin tanderu, wuta ta lashe gashi,
Da wannan hannu duk munka tasa.

Ta manna ƙullu a jikin tukunya,
Hayaƙin kara ya sa ta hawaye ba ta jin kunya,
Ba ta taɓa roƙo ba, ba ta yi ƙarya,
Ku auna baitin, ni dai na faɗi na Hausa.

Ɗiyar Mokoyo: Allah shi saka wa Inna da Aljanna, ƙanwata. Na karanta sau uku.

Malam Na Limanci: Amin. Ɗango na biyu a baitin ƙarshe ya zarce, ɗiyata, ki rage shi. Na farkon kuwa ban da abin cewa.

Bakano Mai Atamfa: A gaida Inna da aiki. Gobe in na buɗe shago zan aiko yaro, guda biyar, amma biyu a yi mini ba sukari.

Autar Mai Tanderu: Kawu, ƙullu ɗaya take kwaɓawa. Ka aiko shi kafin ƙarfe takwas, in ya wuce haka ta ƙare.