Me za mu kira lambar da ba ta rabuwa?

Jama'a, malaman lissafi da na Hausa, ku matso ina da tambaya. Jiya a darasin yamma da nake yi wa yaran unguwarmu a Gwale, na rubuta 2,147,483,647 a allo, na ce wannan lambar babu abin da ke raba ta daidai sai 1 da ita kanta. Wata yarinya ta ce, "Malam, da Hausa fa?" Na yi shiru. Firam muke cewa, aro daga Turanci, kuma firam ba ta gaya wa yaro komai.

Lambar tana da tarihi. Ka jera 2 sau 31, ka yi ta ninkawa, ka cire 1, ita ce za ta fito. Masanin lissafi Leonhard Euler ne ya tabbatar a 1772 cewa ba ta rabuwa, da alƙalami da takarda kawai. Amma ka sake cire mata 1 ka gani: 2,147,483,646 tana rabuwa da 2, da 3, da 7, da 11, da 31, da 151, da 331. Maƙwabta ne, katanga ɗaya, hali ya sha bamban.

Wani abokina ya ce mu ce "lambar farko", tunda Larabawa "awwali" suke cewa. Ban karɓa ba. Duk yaron da ya ji haka, 1 zai nuna maka, alhali masana ba sa ma sa 1 a wannan sahun.

"Mara" ma ba ta yi ba. Mara da cika wani rabon ne daban. 91 mara ce, amma 7 sau 13 ce. 2 kuwa cika ce, kuma tana cikin lambobin da ba sa rabuwa, ita kaɗai a duk cika.

Ni abin da ya kwanta mini a rai shi ne gagara-rabo, a kan ƙirar gagara-gasa da gagara-badau. Na gwada yau da dabino 13 a faranti. Na ce su raba daidai tsakanin mutum 2, saura ɗaya. Mutum 3, saura ɗaya. Mutum 5, saura uku. Suka yi ta juyawa har 12. Da na ce "ta gagara rabo", ba wanda ya nemi ƙarin bayani. Na san wani zai ce ai mutum 13 za su ɗauki ɗai-ɗai. Haka ne, wannan da kuma mutum ɗaya ya kwashe duka su ne ƙofofi biyun da aka bar mata. Kishiyarta, irin su 12 da 91, sai mu ce mai-rabuwa.

Gagara-rabo mafi girma da aka sani a Oktoban 2024 tana da alƙaluma 41,024,320, kuma tun zamanin Yuklid, masanin lissafi na zamanin da, aka tabbatar irin waɗannan lambobi ba su da iyaka.

Malamanmu na Jami'ar Bayero, ko kun riga kun raɗa mata suna? In akwai, ku faɗa mini kafin Asabar, don a ranar zan shiga babin da yaran.